Lawban Ya Daina Cin Gyare

Na yi jinyar mutane a rayuwata, na yi ta kaji, na taɓa yin ta rago ana saura kwana uku Sallah. Ban taɓa zaton zan zauna in rubuta labarin jinyar ƙadangare ba. To ga shi na yi, ina kuma gode wa Allah da ya kawo abin da sauƙi. Dalilin rubutun shi ne na san a benayen nan na unguwar Xiaobei ba ni kaɗai ce yara suka ɗora wa kiwon abin da a gida da dutse ake bin sa ba. Idan wata ta karanta ta kauce wa wautar da na tafka, buƙata ta biya.

Sunana Bilkisu. Shekara goma sha ɗaya ke nan muna zaune a Guangzhou ni da maigidana, Alhaji Sagir. Shi aikinsa lodin kaya zuwa Kano, ni kuma ina yi wa matan gida sayayyar abaya da kayan yara a kasuwar Baima, in haɗa in ba shi ya tura. 'Yarmu ɗaya ce, Nusaiba, a nan ta yi wayo. Ita ta ga ƙadangaren a gidan wata ƙawarta 'yar China, ta dawo ta hana mu sakat har ubanta ya saya mata. Irin wanda ake kira mai gemu ne, yana da ƙayoyi a ƙarƙashin haɓa da yake kumburawa in ransa ya ɓaci. A lokacin, da kaɗan ya fi yatsana tsawo. Ta sa masa suna Lawban, yadda ake kiran mai shago a nan, saboda yadda yake hawa kan dutsensa ya turo ƙirji yana bin kowa da kallon raini.

Da ta cika sha biyu muka mayar da ita Kano wurin mahaifiyata, Inna, a Gwammaja, don ta yi Islamiyya da boko a gida, Hausarta kuma ta zauna. Ranar tafiya ba mu ta yi wa kuka ba. Gaban akwatin gilashin ta je ta tsuguna.

"Umma, amana ce na bar miki. Ki yi min alkawari zan dawo in tarar da shi."

"Na yi."

"Ki ce wallahi."

Na ce wallahi, ina dariya a raina. A ganina me zai kashe ƙadangare? Na kan katangar gidanmu wa ya taɓa ba su ko ruwa? Daga ranar, duk Juma'a in ta kira ta bidiyo, sai ta ga Lawban kafin ta tuna da gaishe ni.

Da farko ƙyama ce kawai a tsakaninmu. Gyare yake ci, ana kawo su da rai a kwali, su cika min falo da kuka kamar damina ta sauka a hawa na tara. Amma mutum in yana zaune shi kaɗai da abu, dole ya fara kallonsa. Na lura da safe launinsa duhu ne, sai ya sha zafin fitila yake washewa. Na lura in na shigo yakan ɗaga hannu ɗaya ya juya shi a hankali, in ce masa, "Lafiya lau, ranka ya daɗe." Abu ɗaya da ban taɓa tsayawa na yi tambaya a kansa ba shi ne ko namiji ne ko mace. Ga gemu, ga kai ja-ja. Duk wanda ya tashi a Kano ya san ƙadangare mai jan kai shi ne namiji, matan kuwa launin ƙasa ne da su. Da wannan ilimin na kan katanga na yi wata takwas ina kiwo.

Canji na farko ya zo da shigowar sanyi. Wanda yake share gyare ashirin a zama ɗaya ya koma ya ci biyar ya kau da kai. Ganye da kabewar da a da sai dai ya taka ya wuce, su ya koma tsinta. Daga baya ma ya shige ƙarƙashin itacensa ya kama barci, kwana uku, kwana huɗu, ba ya fitowa. Hankalina ya tashi, na ɗauki hotonsa na tura wa wanda ya sayar mana. Ya ce babu komai, girma ne. Wai ɗan ƙarami ne yake cin ƙwari ba ƙaƙƙautawa don yana gina jiki, babba kuwa ganye ya fi ci, kuma in sanyi ya zo sukan kwanta su huta. Gaskiya ya faɗa. Sai dai wannan amsar ita ta cuce ni daga baya, don na riƙe ta na mayar da ita maganin kowace tambaya.

A cikin sanyin nan ne kuma doguwar fitilar da ke saman akwatin ta mutu. Akwatin fitila biyu gare shi, ɗaya ta zafi, ɗaya doguwa mai farin haske. Da na ga tsadar doguwar sai raina ya ɓaci. Wai fitilar da za ta maye rana ce. Ni da na fito daga inda rana take korar mutane inuwa, a ce in sayi rana da kuɗina? Na sauka shagon ƙasa na sayi ƙwan fitila irin na banɗaki na ɗaura, na ja akwatin kusa da taga, na ce ga ta Allah nan kyauta.

Da sanyi ya wuce, aka shiga kwanakin nan na raɓa da bango yake zufa, madubi ya yi hazo, wanki ya ƙi bushewa, sai Lawban ya farka da yunwa. Mako biyu yana ci kamar an biya shi. Cikinsa ya faɗaɗa. Na yi ta yi wa Nusaiba alfahari, har na ce mata ya fi kyau a hannuna.

Sannan rana ɗaya ya daina.

A makon farko ba rashin cin ne ya ɗaure min kai ba, rashin zaman ne. Ya bar dutsensa. Sai ya miƙe a jikin gilashi yana karta da farce, ya sauko, ya je kusurwa ya yi ta tonon jaridar da nake shimfiɗa masa, ya yayyaga ta, ya koma wata kusurwar. Tun safe har la'asar. In na sa gyare a gabansa sai ya bi ta kansu ya wuce. Na zauna na zuba masa ido ina ta tambayar kaina, me yake nema a ƙarƙashin jarida? Na ɗaga na duba, ba komai sai gilashi. Na ce girma ne, na shiga harkokina.

A mako na biyu masu shawara suka shigo. Alhaji ya tsaya a kansa da kofin shayi ya ce, "Wannan aure yake so. Duk namijin da ya kai munzali ya ƙi abinci yana kartar bango, kin san zancen." Maƙwabciyata Hajiya Rakiya, mutuniyar Maradi mai sayen atamfa da takalma, ta ce tsutsar ciki ce, in ɗiga masa man habbatussauda. Na ɗiga, ya kumbura gemu ya yi baƙi ƙirin, ya yi kwana biyu ba ya kallona. Da na yi wa Inna zancen a ɓoye, na roƙe ta kada yarinyar ta ji, sai ta ce, "Ke Bilki, ki buɗe taga ki sake shi mana. Ƙadangare a ɗaki ai dole ya yi ciwo." Na ce, "Inna, hawa na tara ne." Ta ce to Allah ya kyauta.

Juma'ar makon ce na fara ƙarya. Ya rame ta wajen ƙafafu da gindin jela, cikin ne kawai a kumbure, na san Nusaiba na ganinsa za ta gane. Sai na kira ta da murya kawai, na ce intanet ba kyau. Na laluba waya na samo wani tsohon bidiyonsa yana cafkar gyare, na tura mata. Ta ce, "To, Umma." Muryarta ƙasa-ƙasa. Ba ta matsa ba, ni kuma na ji daɗin da ba ta matsa ba.

A mako na uku tonon ya tsaya, na yi murna na awa kaɗan, na zaci sauƙi ne. Ashe ƙarfi ne ya ƙare. Ya kwanta ya baje, idanu a lumshe, in ya yunƙura sai ƙafafun baya su kama rawa. Na sake tura wa yarinyar wani tsohon bidiyon. A ranar na ji tsoro na gaske, ba don ƙadangaren kaɗai ba. Wallahin da na yi ina dariya ita ta dawo ta tsaya min a wuya. Yarinyar da muka ɗauke daga inda ta saba muka kai ta inda ba ta san kowa ba sai kaka, abu ɗaya tak ta roƙe ni.

Hajiya Rakiya ta shigo ta same ni zaune a gabansa. Ta sa hannu ta shafa gefen cikin, ta ce, "Ke Maman Nusaiba, taɓa nan ki ji." Na taɓa. Wasu ƙulle-ƙulle ne a jere, kamar an cusa masa gurjiya.

"Wallahi da kaza ta, da na ce ƙwai na," in ji ta.

Muka kwashe da dariya mu biyu, ni har da hawaye. Na ce, "Hajiya, da gemun nasa?" Ta ce ai shi ta gani. Amsar tana hannunmu muka yi mata dariya muka ajiye. Muka yanke cewa ƙari ne ya fito masa a ciki, ta ce in kai shi lopital, wato asibiti, tun da sauran numfashi.

Washegari na naɗe shi a tawul, na sa shi a kwalin takalmi tare da robar ruwan ɗumi. Asibitin dabbobi na farko, a bayan unguwarmu, matar da ke wurin tana leƙa kwalin ta ja da baya ta ce, "Meyo, meyo," wato babu, su karnuka da kyanwa kawai suke gani. Na biyu ma meyo. A can ne wani mai kirki ya rubuta min sunan wani wuri a tsallaken kogi inda ake duba irin waɗannan. Jirgin ƙasa ba a shiga da dabba, sai tasi na ɗauka, direban yana ta satar kallon kwalin ta madubi.

Layin asibitin nan abin kallo ne. Wani dattijo da kunkuru a bokiti. Wata budurwa ta rungume zomo tana kuka. Wani saurayi da jaka a cinya, jakar tana motsi, na tambaya da hannu, ya yi min alamar maciji, na tashi na canza kujera. Awa biyu da rabi na yi, azahar ta same ni a nan, na yi salla a lungun matakala. Ina zaune ina tunanin da matan Gwammaja za su gan ni, mace da girmanta a layin asibiti da ƙadangare a kwali, da na shiga bakin duniya. A takardar da aka ba ni akwai wurin namiji ko mace, na zaɓi namiji ban ko yi jim ba.

Likitar yarinya ce, ba ta kai ni shekaru ba. Da waya muka yi magana, ta faɗa da yarensu, wayar ta juya min. Ta ɗora shi a tafin hannu, ta ɗaga jelar a hankali, ta haska gindinta da tocila, ta dubi takardar, ta dube ni. Ta ɗauki biro ta soke abin da na zaɓa.

"Mace ce."

Na ce ba zai yiwu ba, ta dubi gemun, ta dubi jan kan. Ta ce irin waɗannan maza da mata duk suna da gemu, launi kuma ba ya nuna komai. Aka ɗauki hoton ciki, ta juyo min da allon. Ga su nan reras, farare, sun cika cikin har ƙirji. Na ce to ai ba ta taɓa ganin namiji ba, ita kaɗai ce a akwati tun tana ƙarama. Likitar ta yi murmushi ta rubuta kalma ɗaya a wayar ta miƙo min: kaza. Kunya ta rufe ni. Ni da na tashi ina kwashe ƙwai a akurkin Inna, ko da zakara ko babu.

Sai ta tambaye ni me na shimfiɗa a akwatin, na ce jarida. Wace fitila nake sa mata, na nuna hoto, na ƙara da cewa ai tana bakin taga. Ta girgiza kai. Ta ce abin da jikin Lawban yake buƙata a hasken rana ba ya ratsa gilashin taga, ƙwan banɗaki kuma ba shi da shi sam. In babu shi, ƙashi ba ya ƙarfi, ƙwan kuma suna ta zuƙe ɗan abin da ya rage. Maganarta da ta zauna min har yau ita ce, "Mako biyu tana neman inda za ta ajiye ba ta samu ba. Yanzu ko ta samu, ƙarfin turawa ya yi kaɗan."

Aka yi mata allurar ƙarfin ƙashi, aka ba ta ruwa ta ƙarƙashin fata, aka ce in dawo washegari a yi mata ta naƙuda. In kwana biyu suka wuce ba ta sauke ba, sai tiyata, kuma likitar ba ta ɓoye min cewa ba lalle ta tashi ba. Kuɗin da na biya a ranar kam ba zan rubuta ba, don Alhaji yana karanta abin da nake rubutawa. Abin da zan ce kawai, fitilar da na ƙi saya don tsada ita ce mafi araha a cikin takardar kuɗin.

Sauran aikin nawa ne: in samo babban baho, in cika shi da yashi da ƙasa masu danshi, zurfin ya kai kamu ɗaya da rabi. A nan na gane garin nan ba ƙasa. Ko'ina siminti da tayil. Na je inda ake gini na nuna wa mai gadi tulin yashi da leda a hannuna, ya ce meyo, alhali ga shi ina gani. A ƙarshe shagon furanni na je na sayi ƙasa a buhu, an yi mata hoto da rubutu kamar garin madara. Da na faɗa wa Alhaji sai ya ce, "Kin sayi rana, kin sayi ƙasa. Saura iska." Amma shi ya ɗauko buhun har sama, shi ya kuma tsuguna yana cuɗa yashin da ruwa, yana dunƙulawa a hannu ya ga ko zai riƙe rami bai rufta ba.

Bayan allurar rana ta biyu muka dawo gida da hantsi. Na sa ta a ruwan ɗumi na ɗan lokaci kamar yadda aka ce, sannan na ɗora ta a kan yashin, na kunna mata fitila. Ta yi shiru. Ta lashi ƙasar da harshe sau biyu. Sai ta sa hannu ta fara tono, a hankali, tana yi tana hutawa. Hajiya Rakiya ta ce, "A rufa mata, mai naƙuda ba ta son ido." Muka yafa zane a kan bahon, muka bar 'yar kafa. Ni dai ban iya haƙuri ba, ina ta leƙe. Ta haƙa rami har ta ɓace a ciki, ta juyo ta fito da kai waje, ta tsaya cak, idanu a buɗe ba ta kallon kowa. Mun yi la'asar mun dawo tana nan. Can sai ta fito, ta shiga mayar da ƙasa, tana daddanna ta da hanci har wurin ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Na tsaya ina mamaki. Wa ya koya mata? A akwatin gilashi ta tashi, ba ta taɓa ganin uwarta ba.

Da na tona na samu ƙwai goma sha tara, masu taushi, kowanne bai fi ɗan yatsa ba. Hoton da aka sake ɗauka ya nuna ba saura. Ita kuwa ta zama kamar jakar da aka zazzage, fata ta yi yaushi. Kwana biyu ruwa kawai take lasa a yatsana. A na uku ta kai wa gyare cafka ta kuskure, ta sake, ta samu. Na yi guɗa ni kaɗai a falo.

Ga mai irin wannan kiwo, abin da na koya ba shi da yawa. Rage cin ƙwari da barcin sanyi girma ne, ba ciwo ba. Amma in kika ga ci ya tsaya ga kuma tono ba hutu, kada ki jira, ki ba ta ƙasa mai danshi, ki nemi likitan da ya san su tun kafin ki buƙace shi. Ki sayi fitilar, ki kuma canza ta a kan lokaci ko da tana haske. Sannan ki sa a ɗaga jelar a duba miki, ilimin kan katanga ba ya aiki a nan.

Juma'ar da ta biyo baya na kunna bidiyo. Na shirya maganata tun safe, amma da fuskar Nusaiba ta fito sai na ga ta faɗa, idanun sun yi zuru-zuru. Na ce waya ce. Na juya mata akwatin, ga Lawban a kan dutse, a rame amma ƙirji a ture. Na faɗa mata komai, har da fitilar, har da bidiyon da na tura. Na nuna mata ƙwan a roba. Na zaci za ta yi ihun murna ko ta yi dariyar gemun. Sai ta sa hannu ta rufe fuska.

"Na zaci ya mutu, Umma."

"Wa ya ce miki?"

"Bidiyon da kika turo. Akwai takalmina ja a bakin ƙofa. Ga shi nan a ƙafata."

Ashe bidiyon tun kafin ta tafi aka ɗauke shi. Mako biyu yarinyar nan tana makoki ita kaɗai, tana jira in yi ƙarfin halin faɗa mata. Ina neman kalmar ban haƙuri sai Inna ta karɓi wayar, ta ce tunda yau ranar faɗar gaskiya ce, ita ma tana da tata. Zazzaɓin cizon sauro ya kayar da Nusaiba, irin wanda jikinta bai taɓa sani ba tunda ba a can ta tashi ba. Kwana uku tana asibiti ana ƙara mata ruwa. A gadon asibitin take ranar da na ce mata intanet ba kyau. Ita ta roƙi Inna kada a gaya min, wai ina da nisa, ba abin da zan iya sai damuwa.

Na yi kuka sosai, na yi faɗa, Inna ta bar ni na gama sannan ta ce, "Ke da kika ce in ɓoye mata na ƙadangare?" Ta mayar wa yarinyar wayar.

Nusaiba ta share ido ta ce in matso da wayar ta ga Lawban da kyau. Ta daɗe tana kallo. Ta ce sunan ya zauna, ai mata ma suna da shago. Sannan ta ce, "Umma, daga yau in ba ta ci abinci ba ki faɗa min. Ni ma in ban ci ba zan faɗa miki."

Na ce na yarda. Na ce yau ta ci gyare huɗu da ɗan ganye.

Sannan na ce, "Ke fa, kin ci?"

Ta waiwaya ta dubi Inna, ta dawo da ido kaina.

"Kaɗan," in ji ta.